Daga Dufuna Zuwa Fulorans: Ta Ina Za A Fara Koyar Da Tarihin Zane A Gashuwa Da Nguru?

Duk malamin da aka damƙa wa kwas ɗin farko na tarihin zane-zane da fasahar hannu, a Landan yake ko a Gashuwa, damuwarsa iri ɗaya ce. An ba shi zangon karatu guda, wata uku da 'yan kwanaki, an ce ya gabatar wa matasa abin da hannun ɗan Adam ya ƙera cikin shekaru fiye da dubu talatin. Dole ya zaɓa, kuma abin da zai bari ya ninka abin da zai ɗauka. Inda ya fara da abin da ya zaɓa su ne za su zauna a zuciyar ɗalibi, su gaya masa su waye gwanaye a duniya, su waye kuma 'yan kallo, ko da malamin bai taɓa furta hakan da bakinsa ba.

Wannan magana ta shafi arewacin Yobe kai tsaye. A Gashuwa akwai Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Nguru ma tana da nata manyan makarantun. Yawancin waɗanda ke fita daga kwalejin ilimi azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare suke nufa, a Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Yusufari, kuma a waɗannan azuzuwan akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a manhaja. Abin da aka cusa wa ɗalibin kwaleji a shekararsa ta farko, shi zai maimaita wa yara har ya yi ritaya. Idan ya fito da tunanin cewa fasaha aba ce da ake yi a wata ƙasa, haka yaran za su tashi.

Tsarin da muka gada sananne ne. Ana farawa da zanen kogunan dutse na Faransa da Sifen, a wuce Masar, a shiga Girka da Rum, a ratsa majami'un Turai, a daɗe a Italiya wajen Leonardo da Michelangelo, sannan a gangaro zuwa Picasso. Wannan jeri ba daga sama ya faɗo ba. Tushensa littafin Giorgio Vasari ne na 1550, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Italiya domin ya nuna cewa fasaha ta faɗi bayan Rumawa, sannan ta farfaɗo a hannun mutanen yankinsa. Littattafan gabatarwa na ƙarni na 20 sun bi wannan layi: na Helen Gardner a 1926, na Ernst Gombrich a 1950, na H. W. Janson a 1962. Littattafai ne masu daraja, musamman na Gombrich wanda ya iya bayani kamar yana hira da kai. Amma labarin Turai suke bayarwa, sauran duniya kuma leƙe ake yi mata. Bugun farko na littafin Janson ko mace ɗaya mai zane bai ambata ba. Masu wannan tsari ma sun daɗe suna jayayya a kansa, har Jami'ar Yale ta Amurka ta soke tsohon kwas ɗinta na gabatarwa a 2020, ta maye gurbinsa da kwasa-kwasai da dama masu duba duniya ta fuskoki daban-daban. An yi ta cece-kuce, wasu na yabo wasu na kuka.

Najeriya ta yi nata gyaran tun da wuri, kuma ya cancanci yabo. An shigar da Nok, da kayan tagulla na Igbo-Ukwu na wajajen ƙarni na 9, da kawunan Ife da aka tono a 1938, da kayan fadar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897. An kawo Aina Onabolu wanda ya yi fafutukar shigar da zane makarantun Legas, da Kenneth Murray da ya zo a 1927, da ɗaliban Zariya irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suka ce sai an haɗa dabarar Turai da gadon gida. Sai dai idan ka duba wannan jeri da kyau, daga Nok ya yi kudu, kuma kusan dukkansa siffar mutum ce a yumɓu ko tagulla ko fenti. Ƙasar Barno da ƙasar Hausa sukan shigo a ƙarshe, a taƙaice, ƙarƙashin sana'o'in hannu: rini, dukanci, saƙa, sassaƙa, kowanne da layi biyu. Ɗan Nguru yakan gama kwas ɗin da fahimtar cewa Fulorans tana da fasaha, Ife tana da fasaha, garinsu kuma yana da sana'a.

Sai yadda ake koyarwar. Takardun darasi ne da aka yi wa hotokwafi har hoton ya koma baƙin tabo, ba a bambance fuska da inuwa. Majigi na buƙatar wuta, wuta kuma sai ta ga dama. Ɗalibi ya haddace cewa Michelangelo ya yi zanen rufin majami'ar Sistine daga 1508 zuwa 1512, ya zuba a jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa ganin zanen da launinsa ba. Kamar a koya wa yaro sunayen kifayen kogin Yobe ne tas, ba a taɓa kai shi bakin ruwa ba. Ɗalibanmu gwanayen hadda ne, da yawansu tsangaya ta hore musu ita tun suna ƙanana, kuma baiwa ce. Amma wannan fanni idanu yake nema kafin hadda. Aikin kwas ɗin farko shi ne ya koya wa mutum tsayawa gaban abu ya dube shi da natsuwa, ya faɗi abin da ya gani da kalmomi daidai, ya tambayi wa ya yi, da me, don wa, a wane zamani, me ya sa ya yi shi haka bai yi shi wata hanya ba. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da abin da za a iya kusanta. Gani ya kori ji.

Don haka ra'ayina shi ne a juya tafiyar. A fara da abin da ke kusa da ɗalibi, a horar da idonsa a kai, sannan a fita da shi duniya. Kuma Allah ya hore wa wannan yanki abin farawa da ba kowa ke da irinsa ba.

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a Ƙaramar Hukumar Fune, tsakanin Potiskum da Gashuwa, sai ya ci karo da itace mai tauri a zurfin mita biyar. Ashe kwalekwale ne. A 1994 masu binciken kayan tarihi daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka yi aikin tono a wurin. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kuma gwajin da aka yi ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya, kuma ya girmi manyan dalar Giza da fiye da shekara dubu uku. Yanzu a Damaturu yake.

Wani zai ce ai kwalekwale kayan aiki ne, me ya haɗa shi da fasaha? To ga darasin makon farko nan ya samu. A bar ɗalibai su yi gardamar. A nuna musu yadda aka fiƙe gabansa da bayansa, yadda aka rarake cikinsa har jikinsa ya yi siriri, a zamanin da ba a san ƙarfe ba tukuna. Wanda ya yi wannan aiki ba ranar ya fara ba, a bayansa akwai iyaye da kakanni da suka gwada suka gyara. Ɗan Bade da ya tashi a bakin ruwa ya san abin da siffar goshin jirgi ke yi wa tafiya, zai iya bayanin da malamin bai iya ba. Daga nan tambayoyi za su yi ta ɓullowa: ina aka sami bishiya mai wannan girma a ƙasar da yau rairayi ke ci, wane irin ruwa ne ya kwanta a nan a wancan zamani, shin kyau da amfani abokan gaba ne ko 'yan uwa? Ɗalibin da ya yi wannan muhawara ya shirya ganin shanun da aka zana a duwatsun Birnin Kudu, da 'yan dabbobin yumɓu da Graham Connah ya tono a Daima a tsakiyar shekarun 1960, daga nan kuma kogon Lascaux na Faransa ba zai zame masa baƙo ba.

Ta fannin gini, ga kufan Birnin Gazargamu a wajajen Gaidam, babban birnin Barno da Mai Ali Gaji ya kafa a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, wanda ya faɗi a 1808. Fadarsa da jan bulo gasasshe aka gina ta, haka ma fadar Gambaru da ke kusa, a yankin da kowa da tubalin ƙasa ya saba. Me ya sa sarki zai zaɓi abin da ke cin itace da ƙwadago haka? Wannan ita ce tambayar da ake yi game da dalar Masar da fadar Versailles, wato yadda mulki ke magana da gini. Nguru kanta mazaunin Galadiman Barno ce, mai tsaron yammacin daula, ga ganuwar Gogaram tsohuwar hedikwatar Bade, ga tashar jirgin ƙasa da layin dogo ya iso Nguru a 1930 ya kawo wani salon gini da kwanon rufi da kantuna. Ɗalibi zai iya karanta zamani uku ko huɗu a bangayen gari ɗaya da ƙafarsa.

Amma inda na fi so malami ya daɗe shi ne rubutun Alƙur'ani. A nan ne wannan yanki ya kai ƙololuwa, a nan ne kuma manhajar zane ta fi yin shiru. Barno ta yi suna a wannan aiki shekaru aru-aru. Dixon Denham, Baturen da ya zo a shekarun 1820, ya ambaci yadda ake kai Alƙur'anan Barno Arewacin Afirka da Masar ana sayar da su da tsada. A ƙarshen shekarun 1950 masanin nan A. D. H. Bivar ya ɗauki hoton wasu tsofaffin kwafi masu bayani da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kwanan wata na 1669. Kuma aikin bai mutu ba. Har gobe akwai alarammomin da ke zama su rubuta izu sittin da ka.

Duba abin da shafi guda zai koyar. Baƙaƙen da tawada baƙa, kauri da nauyin harafin Barnawi, yadda layi ke zaune daram ba tare da an ja masa layi ba. Wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya. Alamar ƙarshen aya, da kumsa, da kuri, kowacce da siffarta. Da'irorin izu da sumuni a gefen shafi, babu biyu da suka zama ɗaya sak. Sai cikakkiyar zayyana da ke raba littafin, wadda tsarinta ke tuna maka da saƙar tabarma da ɗinkin hula da adon sirdi. Duk abin da littafin Turai ke kira ginshiƙan zane, wato layi da launi da daidaito da maimaici da sarari, yana nan a gaban ɗalibi cikin abin da ya sani tun yana yaro, bai dai taɓa kallonsa da wannan ido ba. Kayan aikin ma tarihi ne. Alƙalamin kara. Tawadar gawayi da ƙaro, ƙaron da Yobe ke cikin manyan masu samar da shi a ƙasar nan. Yambari da ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe domin rubutun takarda ya daɗe. Tadarishi da gafaka, aikin baduku. Ita kuwa takardar, idan tsohon littafi ne na ƙarni na 19, a ɗaga ta a hasken rana, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. A arewa maso gabashin Italiya aka yi ta, yankin Benis, ta biyo teku zuwa Tarabulus, raƙuma suka ratsa Sahara da ita. Ka ga an isa Italiya ke nan, amma ta ƙofar da ɗalibi ya buɗe da hannunsa, ya kuma gane cewa kakanninsa abokan cinikin Turai ne tun kafin Turawan mulki su zo. Ba sai an faɗa ba, wannan darasi da ladabi ake yin sa: a nemi izinin mai littafi, a yi alwala, abin da za a riƙa juyawa a hannu kuma ya zama shafin fiƙihu ko waƙa ko allon zayyana.

Daga wannan shafi hanya a buɗe take zuwa Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940, ya kuma tsara ma'aunin haruffa da ɗigon alƙalami. Daga shi sai Ƙubbatus Sahra ta Ƙudus ta shekarar 691, da bangayen Alhambra a Andalus, da hasumiyar Agadas, da masallacin Jenne na 1907, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizo na ƙasa da azara. Har dabarar nuna nisa da kusa a zane, wadda Brunelleschi da Alberti suka tsara a Fulorans a ƙarni na 15, ta sha daga binciken Ibn al-Haisam kan gani da haske. Babu inda aka ce a tsallake Turai. Cewa aka yi a iso ta da ido a buɗe.

Yanzu sai tambayar da kowane malamin zane a Arewa ya sani, wadda wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya yi, ko kuma ya riƙe ta a ciki ya daina sauraro: "Malam, shin wannan karatun ya halatta?" Tambaya ce ta gaskiya daga mutumin da ke tsoron Allah, kuma kuskure ne babba a yi mata dariya ko a kauce mata. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a nan, sun yi bayani dalla-dalla: sun haramta ƙera cikakkiyar siffar abu mai rai wadda ke da jiki da inuwa, sun sassauta hukunci kan zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, sun halatta zanen bishiya da gini da abin da ba shi da rai, sun kuma keɓe 'yar tsanar yara. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Malamin zane ba mai fatawa ba ne, amma ya kamata ya san wannan bayani, ya faɗe shi da girmamawa, ya bar ɗalibi ya koma ga malaminsa na addini. Ya kuma nuna cewa nazarin abu daban, ƙera shi daban, bauta masa daban. Mai karanta tarihin Fir'auna bai zama mabiyinsa ba. Hasali ma wannan ƙyamar sura kanta babi ce a tarihin fasaha: ita ta sa Musulmi suka kai rubutu da zanen lissafi inda ba wanda ya kai, kuma Kiristocin Rumawan Gabas sun yi rikici mai tsanani kan hotunan ibada a ƙarni na 8 da na 9, Furotesta ma sun farfasa gumakan majami'u a ƙarni na 16. A aji mai Musulmi da Kirista, wannan tarihi yakan sa kowa ya ga cewa tambayar ba ta wani ɓangare ɗaya ba ce. Game da hotunan tsiraici kuwa, gidajen tarihin duniya cike suke da ayyukan da za a koyar da Girka da Italiya da su ba tare da an kunyata kowa ba. Malamin da ya fara da allo da zayyana ya sami amincewar aji, idan ya iso kan Nok ko Ife za a saurare shi.

Akwai masu adawa da wannan tsari, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko, manhaja ta ƙasa ce. Ɗalibin Gashuwa zai iya neman ci gaba a Zariya ko Maiduguri ko Nsukka, kuma a can za a ɗauka ya san Giotto da Ben Enwonwu. Gaskiya ne, kuma hana shi wannan sani zalunci ne, ba kishi ba. Abin da ake nema sauya jeri ne da ware makonni uku ko huɗu na farko, ba yanke komai ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a wurina. Idan aka ce a koyar da na gida, abu ne mai sauƙi darasi ya rikiɗe ya zama kirari: namu ya fi tsufa, namu ya fi kyau, kakanninmu sun riga kowa. Wannan ba ilimi ba ne. Kwalekwalen Dufuna ba na Bade ba ne, ba na Barebari ko Hausawa ba, domin ba mu san wane harshe maƙerinsa ke yi ba. Gazargamu da ta gina fadar bulo daula ce mai yaƙi da kama bayi, kuma Badawa da Ngizim suna cikin waɗanda suka ɗanɗana hakan. Ɗalibi na da haƙƙin jin wannan, kamar yadda zai ji cewa dukiyar mulkin mallaka ta cika gidajen tarihin Turai. Haka nan ba kowace hula ce kyakkyawa ba. A cikin masu ɗinkin zanna da damanga akwai gwani akwai ɗan koyo, kuma dillalin hula a kasuwar Nguru zai bambance su daga nesa, ya faɗi dalili: ƙanƙantar ɗinki, haɗin zare, yadda zanen ya haɗe a bayan hula ba tare da an ga gaɓa ba. Wannan shi ne ainihin sukar fasaha, kuma a bakin 'yan kasuwa yake. A kuma kiyaye tattara komai a kira shi fasahar Hausa don kawai Hausa ce harshen kasuwa. Ƙwaryar Bafulatana, kitson Manga, kayan kamun kifin Bade, kowanne da tarihinsa da sunayensa a harshen masu shi.

Hujja ta uku ita ce ƙarancin rubuce-rubuce. An yi aiki kan fasahar Hausa, kamar baje kolin da David Heathcote ya shirya a Landan a 1976 da littafin da ya biyo shi, amma arewacin Yobe bai sami irin wannan kulawa ba. Ni a ganina wannan dalili ne na farawa. A ba kowane ɗalibi aikin zango: ya nemi gwani ɗaya mai rai, ya zauna da shi, ya rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, da sunayen kayan aikinsa da na zane-zanensa, ya ɗauki hoto da izini, ya sa kwanan wata. Ya shiga da sallama da "ranka ya daɗe" ko "Allah ya gafarta malam", a matsayin mai neman sani. Gidajen tarihin Turai cike suke da kayan Afirka da aka rubuta wa "ba a san maƙerin ba", ba don maƙeran ba su da suna ba, sai don wanda ya ɗauka bai tambaya ba. Sunan Ladi Kwali mai ginin tukwane ya tsira har hotonta ya hau takardar naira 20 saboda an rubuta shi. Tsararrakinta nawa ne suka wuce ba a san su ba?

A wannan aiki ɗalibai mata sun fi maza dama. Rabin fasahar wannan yanki a cikin gida take, inda baƙo namiji ba ya shiga: saƙar faifai da kaba, zanen lalle, kitso, ɗinkin hula, jeren ɗakin amarya. Jere kaɗai ya isa a rubuta littafi a kansa, yadda ya tashi daga ƙwarya da akushi zuwa tasa, zuwa kwanon sha mai fenti, zuwa tangaran da kuloli a cikin kabad, kowane zamani da abin da yake nunawa na arziki da ciniki da ɗanɗano. Yarinyar da za ta zauna gaban kakarta ta ce, "Iya, wannan zanen me sunansa, a wurin wa kika koya?" tana tara abin da ba farfesan da ya taɓa tarawa. Lokaci kuma ba ya jira. Tabarmar roba na korar ta kaba, hular inji na karya farashin ta hannu, siminti na maye gurbin bangon ƙasa mai ado, ambaliya irin ta 2022 kuma ta rusa gidajen ƙasa da yawa a Gashuwa da kewaye.

Sauran matsalolin na kayan aiki ne, kuma sun fi sauƙin magani fiye da da. Yawancin ɗalibai na da waya ko suna kusa da mai ita. Manyan gidajen tarihi sun zuba hotunan kayansu kyauta a intanet. Malami zai iya sauke hotunan mako tun kafin lakca, ya tura a zauren WhatsApp na aji, kowa ya gani da launi ko babu wuta. Tsohuwar dabarar Heinrich Wölfflin ta ajiye hoto biyu gefe da gefe ana kwatantawa tana aiki a waya kamar yadda ta yi a majigi: aska takwas ta babbar riga kusa da bangon Alhambra, kan Ife kusa da kan sarkin Rum. Abin da waya ke ɓoyewa shi ne girma, don haka a auna a bango da alli, ɗalibai su ga cewa Mona Lisa ba ta kai mita ɗaya ba, kwalekwalen Dufuna kuwa da ƙyar aji zai ɗauke shi. Yawon buɗe ido zuwa Gazargamu ya dogara da yanayin tsaro da kuɗin mota, amma kasuwa da tsangaya da maƙera da bakin kogi tafiyar ƙafa ce. Harshen koyarwa Turanci ne, ba laifi, sai dai a bar ɗalibi ya fara bayyana abin da ya gani da Hausa ko Badanci ko Barbarci, sannan ya nemi Turancinsa. Wanda aka tilasta masa gani da harshen da bai gama mallaka ba, jimlar littafi zai maimaita.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba idan jarrabawa ta ci gaba da tambayar shekaru da sunaye kaɗai, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A sa tambaya ɗaya aƙalla mai maki mai tsoka, inda za a ajiye masa abin da bai taɓa gani ba, ƙwarya ce ko hoton wani gini, a ce ya siffanta, ya kimanta zamaninsa da inda ya fito, ya kawo dalili.

Dama kuma ta samu ta fuskar hukuma. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A kwalejin ilimi ma, ƙa'idar hukumarsu mafi ƙarancin abin da za a koyar ta tsara, ba ta hana malami zaɓen misalansa ba. Abin da ya rage shi ne littafi: ƙarami, mai hotuna masu launi, da Turanci mai sauƙi da Hausa a gefe, wanda malaman Gashuwa da Nguru da Damaturu da Maiduguri za su haɗu su rubuta, suna ɗibar kayan da ɗalibansu suka tattaro shekara bayan shekara. Asusun TETFund yana da kason buga littattafan malaman manyan makarantu, kuma wannan irin aikin da ya dace a nemi kason dominsa ne.